Baƙar Wayar da Yaya Bai Ɗaure Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Yayana ya riga ni komawa ana tsakiyar cirar gyaɗa, kuma yanzu ni kaɗai na rage a cikin waɗanda mahaifiyarmu ta haifa.

Kwanakin makoki a ɗakinsa na zauna ina karɓar gaisuwa, amma kunnena yana waje, don tagar ɗakin tana kallon rumfar da maza suke zaune. Kalmar da na fi ji ita ce "ya huta". Wannan ya ce ya huta, wancan ya ce ai hutu ne Allah ya yi masa. Wani direba daga tashar Gaya, wanda a haife Yaya ya haife shi, ya tambayi na kusa da shi, "Wai kurman nan ne mai a-kori-kura?" Aka ce shi ne. Ya ce, "Allah sarki, wallahi na zaci ya daɗe da rasuwa." Liman dai ya faɗi alheri, ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa shi a sahun farko ba, alhali rabonsa da jin kiran salla an jima. Wata tsohuwa ta tako da ƙafa daga Gafasa, ba ta shigo wajenmu ba sai da ta tsaya ta dafa motar, ta yi kukanta ta gaji. 'Ya'yansa mata sun yi kuka na gaskiya, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma tun kafin sadakar uku na ji 'ya'yansa maza suna magana ƙasa-ƙasa, wai a sayar da motar a sa a cikin gado.

Na yi koyarwa a firamare da Islamiyya har na yi ritaya, na san inda akwai ɗa namiji 'yar'uwa ba ta da ko allura, kuma hukuncin Allah ba a yi masa gyara. Sai dai motar nan ita ce ƙafarmu ni da shi, ita take fitar da mu cikin mutane, in ta tafi daga ni sai bango. Wannan "ya huta" ɗin kuma ya tsaya mini a rai. Su kurma suka sani. Ni na san shi yana ji, ji ma irin wanda duk Toranke babu na biyunsa, shi ya sa na ce bari in rubuta kafin ni ma a ce na huta.

Lokacin ƙuruciyarsa yana kishingiɗe a tsakar gida mota za ta wuce a titi, sai ya ce ta wane ce, kuma tana neman kaza. Mahaifiyarmu takan ce, "Kai dai da kunnen nan ka saurari karatu da yanzu kana da almajirai." Sai ya yi dariya ya ce kowa da allonsa. Yana da wata magana da duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya haddace: "Mota ba ta mutuwa sai ta yi sallama, direba ne dai ba ya amsawa." Ya ja manyan motoci na mutane zuwa kudu har ya gaji, da girma ya kama shi ya dawo gida ya sayi tsohuwar a-kori-kura mai injin dizal, yana kwasar gyaɗa da gero daga Gafasa da Toranke zuwa kasuwar Ajingi, wani lokacin har Gaya. Tsofaffin mata masu kaya a ka ba ya wuce su a hanya. Ba ya kuma son godiya, in an fara sai ya taka mai don ƙara ta rufe bakin mai yi.

Ni a Gaya na yi aure. Allah bai ba ni haihuwa mai tsayawa ba, uku na binne suna ƙanana. Da mijina ya rasu na fita takaba, dangin nasa ba su kore ni ba, ba su kuma ce in zauna ba. Gaisuwa ce dai kullum tana ƙara gajarta. Ban aika wa kowa ba, sai wata safiya na ji ƙarar motar nan a ƙofar gida. Yaya ya shigo ya gaisa da mutanen gidan gaisuwa mai kyau, ya fara ɗaukar gadona da tukwanena yana kaiwa waje. Da ya gama ɗaurewa ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Auta, shiga." Iyakar abin da aka faɗa ke nan a kan dawowata, har ya koma ga Allah. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yan sun watse Kano da Kaduna, sai muka zama mu biyu a gida mai ɗakuna da yawa.

Motar kuwa, abin da babu a jikinta ya fi abin da yake akwai. Agogunan gaban direba duk an cire su tun kafin ya saya, sai ramuka. Wurin makulli ya lalace, ya sa wani madanni irin na ƙararrawar gida, shi ake dannawa ta tashi. Ƙofar ɓangarena da igiya ake ɗaure ta. In aka yi masa tsiya sai ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ba ya buƙatar agogo tunda yana da kunne.

Kunnen ne kuma ya tafi. A hankali ya tafi, ba rana ɗaya ba. Da farko sai an maimaita, daga baya sai an ɗaga murya, har ta kai in ana raha a majalisa sai ya ga kowa ya dara sannan shi ma ya dara a makare. Mutane ba mugaye ba ne, gajiya suke yi. Suka koma ɗaga masa hannu daga nesa, shi ma ya daina zuwa majalisar. Bakina kaɗai ya iya karantawa, in na fuskance shi na yi magana a hankali. Na sha leƙa zaure da la'asar in gan shi zaune shi kaɗai yana kallon mutane suna wucewa, bakunansu na motsi. Abin yana cin raina.

Sai wata ranar kasuwa, a cikin yashin da ke tsakanin Gafasa da Toranke, mota cike da buhunan gyaɗa, inji ya yi ta sallama Yaya bai amsa ba, har ya buga. Babban ɗansa ya zo daga Kano, ya tsaya aka gyara, sannan ya durƙusa a gabansa ya sa ni in riƙa juya masa magana.

"Gwaggo, ki faɗa masa, don girman Allah ya haƙura da tuƙin nan. Ba abin da ya rasa. Wannan ai riski ne kawai."

Na faɗa masa. Ya ce, "Ce masa in na zauna, wa zan gani?"

"To ki ce masa na ji. Amma wallahi in injin nan ya sake ƙonewa, ni da kaina zan kira masu saye."

Yaron ba mugu ba ne, tsoro yake kada a kira shi a ce ubansa ya kwana a daji. Amma shi bai san mene ne wuni a gidan da ba mai sallama ba.

Washegari Yaya ya kira ni gaban mota ya tayar da ita, ya ce daga yau ni ce kunnensa. Na ce ni da na tsufa ina koyar da baƙi da wasali ina ni ina inji? Bai ma kalli bakina ba balle ya san na yi gardama. Ya riƙa kwaikwayon kukan injin da bakinsa, wannan na lafiya ne, wannan na yunwar mai ne, wannan kuwa in kaya sun yi nauyi a cikin yashi murya ta shaƙe, to zafi ne yake hawa, a tsaya. Mutum yana kwaikwayon sautin da shi kansa ba ya jin fitarsa, na rasa dariya zan yi ko kuka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kafin damina ta fita na iya. In na ji abin da ban yarda da shi ba sai in bugi gwiwarsa, ya gangara gefe mu zauna a inuwa har ta huce. 'Yan tasha suka sa mana suna mota mai direba biyu. Ni ko a jikina, don na samu wajen zuwa. Ina sarin man gyaɗata, ina ganin tsofaffin ɗalibaina da 'ya'yansu a goye, in mun dawo in ba shi labarin duk abin da aka faɗa a kasuwa, da wanda ya kamata da wanda bai kamata ba.

Rigimarmu ta zo ne bayan wata rashin lafiya da na yi, har aka kwantar da ni a asibiti a Gaya. Duk tsawon kwanciyata motar ba ta motsa ba. Babban ɗan ya sake tayar da magana, wai Gwaggo ma jikinta ya ƙi, ba za a riƙa jijjiga ta a hanya ba. Ina dawowa gida da 'yan kwanaki Yaya ya shiga motar haya zuwa Kano, ya dawo da wani ɗan kwali a cikin leda, yana ta murmushi. Agogo ne mai allura ɗaya, da wani ɗan ƙarfe kamar ƙusa mai doguwar waya. Ya ce wannan zafin hayaƙin salansa, wato bututun hayaƙin motar, yake aunawa. Na ruwa ya nema, amma wurin da ake ɗaura na ruwa a jikin injin an toshe shi da walda tun a hannun mai motar na farko. Ya ce wannan ma ya fi, don hayaƙi ne yake fara faɗar gaskiya kafin ruwa ya tafasa. Abin da kunne yake ji in murya ta shaƙe, shi allurar za ta nuna.

Na tsaya a gabansa don ya ga bakina sosai, na ce, "Wato an sallame ni ke nan."

"Wa ya sallame ki?"

"Ka samo wanda ba ya ciwo, ba ya cin tuwo. Allah ya sanya alheri."

Ya ce, "Ke dai tun kina yarinya bakinki ya fi ki girma."

Na yi fushi na gaske. Na daina yi masa magana, wanda kuma ga kurma ba wani horo ba ne, sai da na haɗa da daina zama a inda zai gan ni. A ɗaki nake kuka, don na san in agogon nan ya yi aiki, ranar kasuwa zan riƙa jin tashin motar daga tsakar gida, in wuni ina jiran dawowarta.

Ashe shi ma agogon ɗan'uwan motar ne. Na hannu ne, kuma an ci rabin kayansa a hanya. Babu ƙarfen da ake kafa shi da shi, babu notin da ƙusar za ta zauna a ciki, babu fis, babu takardar bayani. Ya zo ƙofar ɗakina ya ce in taso mu je Gaya wajen mai walda, don ba zai tuƙa ba kunne ba. Na fito ina kumbure-kumbure. Mai waldan ya huda salansa can sama kusa da inji, Yaya ya ciro wani noti daga aljihu wanda ya kwance a jikin mataccen injin ban-ruwa, aka liƙa, ƙusar ta zauna daram. Sauran aikin a ƙofar gida ya yi shi da kansa, ina zaune a kan tabarma ina yi kamar tsintar wake nake. Jar waya ya ja ta daga batir, ya sa mata fis ɗin tsohuwar rediyo. Wayar ƙusar kuma ya ce ba a yi mata ƙari, in aka yi allura za ta yi ƙarya, kuma tsawonta bai kai gaban direba ba. Don haka ya cusa agogon a wani rami da ke ɓangarena, ya tallafe shi da tsinken roba.

Saura baƙar waya, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota. Ya haɗa ta wuri ɗaya da ta madannin tayar da mota, ya fere bakinta, ya tsaya yana dube-dube. Can ya ce, "Auta, zo ki riƙe mini nan. Taɓa ta a jikin ƙarfen ƙofa." Na shiga na taɓa, ya danna, mota ta tashi, allura ta ɗaga kai a hankali. Na ɗauke hannuna, allura ta kwanta. Ya kashe motar ya sake dannawa ba tare da na taɓa ba, shiru kake ji.

"To yanzu fa?" na ce.

"Noti ne babu. In na samu zan ɗaure ta."

Ya ɗiga jan fenti a kan gilashin ya ce in allura ta kai nan a tsaya. Da babban ɗan ya zo ya ga agogo yana aiki, hankalinsa ya kwanta, ya ce yanzu kam an shigo zamani, ya bar maganar sayarwa. Bai lura cewa agogon yana gabana ba ne, kuma sai na taɓa waya yake farkawa. Ni kuwa aikina ƙaruwa ma ya yi. In ba ni, mota ba ta tashi, a hanya kuma ga saurare, ga taɓa waya, ga kallon allura. Gaskiya agogon bai taɓa yi mana ƙarya ba, sau da yawa ni da shi muke faɗa tare, wani lokacin ma ya riga ni. Injin bai sake bugawa ba.

Maganar notin ta zama abin faɗanmu na kullum. In hannuna ya gaji sai in ce, "Yaya, notin nan fa? Ko sai an yo odarsa daga Makka?" Ya ce ba a samu daidai shi ba. Wata rana ya ce ya manta, wata rana ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wata rana kuma ya kau da kai kawai, ya san in bai kalle ni ba magana ta mutu. Na kira shi malalaci, na ce tsufa ya cinye masa zuciyar aiki. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, waya tana hannuna.

Ciwon ajalinsa bai ja ba. Ƙirji ne. Wata hantsi ina ba shi kunu ya kama hannuna ya ce, "Auta, sa kunnenki nan ki ji. Ya fara sallama?" Na kwantar da kaina a ƙirjinsa na saurara. Na ɗago na ce lafiya lau yake bugawa. Ya daɗe yana kallon bakina, sannan ya ce, "Ke dai har yau ba ki iya ƙarya ba." Kafin 'ya'yansa su iso daga Kano ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, da ƙarfi kamar yadda ya saba magana.

Bayan an share makoki masu saye biyu suka fito. Akwai 'yan gwangwan da za su yanka ta su auna ƙarfe, akwai kuma wani magidanci daga Gafasa da ya ce yana so ya ci gaba da dakon gyaɗa da ita, in har za ta tashi. Ranar da ya zo ina tsakar gida ina jin su. Suka danna, shiru. Suka sauya batir, shiru. Na ji babban ɗan yana cewa to ba yadda za a yi, bari ya kira waɗancan. Na so in yi zamana, don raina ba ya son in tayar da ita da hannuna a tafi da ita. Amma shiruna ba zai bar mini ita ba, ga wuƙar 'yan gwangwan kawai zai miƙa ta. Na yafa mayafi na fita, na kwance igiyar ƙofa na zauna a wurina, na ce wa mutumin, "Danna yanzu." Na taɓa waya, ta tashi.

Ya leƙo ɓangarena yana mamaki, ya bi wayar da ido, sai ya yi dariya.

"Hajiya, dama wannan ce? Ai ga noti nan dab da gwiwarki."

Ya nuna wani noti a ƙasan ramin agogon, wanda na shekara da shekaru ina goga zanena a jikinsa. Ya sa sifana ya sassauta shi, ya naɗa bakin wayar, ya ɗaure. Ya kashe motar, ya danna shi kaɗai, ta tashi, allura ta ɗaga kai hannuwana suna kan cinyata.

"Shi ke nan fa," ya ce. "Wanda ya iya haɗa agogon nan ba kayansa, ai ba zai ce bai ga notin nan ba. Allah ya jiƙan Baba, ko me ya sa ya bar ta haka?"

Babban ɗan ya ce tsufa ne. Na sauko na ba su wuri, suka ja ta suka tafi.

Yaya, na kira ka malalaci a kan wayar nan ya fi a ƙirga, kana kallon bakina kana shiru. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya buɗe maka kunnuwanka a inda babu abin ji sai alheri. Yadda ka ƙi bari a bar ni a gida, kai ma Allah kada ya bar ka kai kaɗai.

Jiya kasuwar Ajingi ta ci. Daga tsakar gida na ji motar ta wuce ta bakin titi da kaya, muryarta lafiya lau, ba ta tsaya ba.